Tuƙin Mota a Hamada: Hanyar da Babu Kwalta

Mu mazauna Tudun Wada mun saba da kwalta. In mota ta lalace tsakanin Zariya da Kano, ba a daɗewa wata za ta zo wucewa, ga bakanike a kusa, ga ƙauyuka da ruwan sha. Amma wanda ya bi ta Kano da Daura ya shiga Nijar, ya wuce Damagaram har ya kai Agadas, to ya isa bakin wata irin tafiya dabam. Daga Agadas zuwa Bilma, garin gishiri, tafiyar ɗaruruwan kilomita ce cikin yashin Tenere, inda ayarin raƙuman Buzaye suka daɗe suna bi. A can babu kwalta, iska kuma takan shafe sawun mota cikin dare ɗaya.

Abu na farko da direban hamada yake koya shi ne halin yashi. Taya mai iska sosai nutsewa take yi, don haka sai a rage mata iska ta baje, kamar yadda tafin ƙafar raƙumi yake bajewa in ya taka rairayi. Ana tashi da asuba, domin yashi ya fi ƙarfi da sanyin safiya, da rana kuwa sai ya saki. Direba ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya kuma tsayawa a kan hawa. In mota ta kafe, ƙara mata wuta ƙara binne ta ne. Sai a sauka a haƙe yashin da shebur, a shimfiɗa faifan ƙarfe a gaban tayoyi, kowa ya sa hannu a tura. Yashi mai laushi yana shan mai fiye da kwalta, shi ya sa ake ɗaukar jarkokin mai da na ruwa fiye da abin da lissafi ya nuna.

Abu na biyu shi ne sanin hanya. A da akwai wata bishiya guda ɗaya tak a tsakiyar Tenere, kusa da wata rijiya, wadda ayari suke saiti da ita. A 1973 wata babbar mota ta buge ta, ta faɗi. An kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a wurinta. Yau akwai na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan Adam, amma na'ura ba ta san inda yashi yake da laushi ba, ba ta san rijiyar da ta ƙafe ba. Har yanzu ɗan jagora, Buzu ko Batube, ya fi ta amfani.

Ko masu kuɗi da kayan aiki sukan ɓata. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓata a hamada kan babur a 1977, da ƙyar aka ceto shi. Shi ne ya kafa tseren motoci daga Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a Disamba 1978. A Janairu 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓata cikin wannan tsere a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu. Sun zauna kusa da motarsu, bayan kwana 6 jirgin saman sojan Aljeriya ya hango su. Daga sama mota ta fi mutum sauƙin gani, tana kuma ba da inuwa.

Talaka ba a tashin jirgi dominsa. A 2013 wasu motoci biyu sun tashi daga Arlit ɗauke da fasinjoji zuwa Tamanrasset a Aljeriya. Duka biyun suka lalace, ruwa ya ƙare, mutane suka watsu neman rijiya. An tsinci gawa 92 kusa da iyaka: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga kudancin Nijar suke, musamman yankin Kance, a kan wannan hanya ta Daura zuwa Damagaram. Masu jin harshenmu ne, talauci ya fitar da su. Ba su ne suka zaɓi motocin ba, ba su ne suka auna ruwan ba.

Ya ku ɗalibai, wasunku za su zama direbobi, injiniyoyi ko sojoji, wasu kuma za a yi musu romon baka da zuwa Libiya ko Turai ta wannan hanya. Kafin ku hau ko ku bar ɗan'uwa ya hau, ku tambaya: mota nawa za su tafi tare? Ruwan kwana nawa aka ɗauka bayan na tafiyar? Wa ya san hanya? Wa zai fita nema in ba a iso ba? In babu amsa, ku sauka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.