Kaka ta yi, kwandon Bolga ya kama hanyar kanti

Da damina ta ɗauke a Bolgatanga, aka zuba gero da gyaɗa a rumbu, sai hannu ya koma kan saƙa. A tsaga ciyawa, a murza ta, a rina, a fitar da kwandon nan da kowa ke kira Bolga. Baduku kuma ya naɗe mariƙinsa da fatar akuya. Kuɗin kwandon nan ne cefanen gidaje da dama har ruwa ya sake sauka.

Ƙananan kantunan tsaraba, irin na Arts Centre a Akra inda 'yan zango da yawa ke da rumfa, su ke haɗa masaƙi da mai saye. Tun 2019, shekarar da Gana ta gayyaci baƙaƙen fata na ƙetare su zo ganin gida, Disamba ta zama kakar masu kantunan.

To amma baƙo na ɗan lokaci ne. Da ya tafi, sai kasuwa ta koma hannun roba mai araha. Idan mu 'yan gida muka riƙa zuba goron suna da kayan amarya a kwandon Bolga, masaƙi da baduku ba za su zauna jiran Disamba ba.