2.4 Hanyoyin Auna Ingancin Insha'i a Darasin Ingilishi

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda ake auna insha'in da ɗalibai ke rubutawa a darasin Ingilishi. Muhimmancin wannan batu a fili yake, domin sai ɗalibi ya sami kiredit a Ingilishi, wato aƙalla C6, kafin ya shiga jami'a a Nijeriya, kuma insha'i na da kaso mai tsoka a wannan jarrabawa.

Hanyoyin awo iri biyu ne. Ta farko ita ce awo a dunƙule, inda malami zai karanta insha'i ya ba da maki ɗaya gwargwadon yadda aikin ya gamsar da shi. Wannan hanya tana da sauri, sai dai malamai biyu na iya ba aiki ɗaya maki mabambanta. Ta biyu ita ce awo filla-filla, wadda Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, da aka kafa a 1952, take bi. A tsarinta ana buƙatar insha'i mai kimanin kalmomi 450, kuma ana kasa maki 50 gida huɗu kamar haka:

(a) Ƙunshiya, maki 10: ana duba ko ɗalibi ya amsa abin da aka tambaye shi, ya kuma kawo hujjoji isassu.

(b) Tsari, maki 10: ya ƙunshi gabatarwa da sakin layi da kammalawa, da siffar da ta dace da nau'in rubutun, kamar adireshi da gaisuwa a wasiƙa.

(c) Sarrafa harshe, maki 20: zaɓen kalmomi da ginin jimla da dacewar salo da wanda ake rubuta wa.

(d) Ƙa'idojin rubutu, maki 10: nahawu da rubuta kalma daidai da alamomin rubutu. Kowane kuskure ana cire masa rabin maki, saboda haka kurakurai 20 sun isa su cinye kason baki ɗaya.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne yana nuna inda ciwon ɗalibi yake. Alal misali, a ɗauka ɗalibai biyu sun ci 25 kowannensu. Na farko ya sami 7 a ƙunshiya, 6 a tsari, 12 a sarrafa harshe, bai sami kome ba a ƙa'idoji. Na biyu kuwa ya sami 3 da 4 da 11 da 7. Makin ɗaya ne, amma na farko nahawu yake buƙata, na biyu kuma karanta tambaya da tsara tunani. Idan aka rubuta 25 kurum a ƙarshen takarda, babu wanda zai san abin da zai gyara.

Haka kuma, awo filla-filla yana fito da kurakuran da ke da tushe a harshen uwa. Ɗalibi Bahaushe yakan musanya "p" da "f", ko "v" da "b", saboda Hausa ba ta bambanta su kamar Ingilishi. Yakan kuma ɗauko ginin Hausa kai tsaye, ya rubuta "hear the smell" saboda "jin wari". Irin waɗannan kurakurai sukan maimaitu a aji guda, don haka darasi ɗaya na iya magance su.

Duk da haka, tsarin jarrabawa an yi shi ne don yanke hukunci, shi kuwa aikin aji koyarwa ce manufarsa. Ɗalibin da kullum ake cika wa takarda da jan biro yakan koma rubuta gajerun jimloli don gudun kuskure, abin da ke rage masa maki a sarrafa harshe. Saboda haka ya kamata malami ya rubuta makin kowane kaso daban, ya ware kurakurai biyu ko uku mafiya yawa, sannan ya sa ɗalibi ya sake rubuta aikin. Ingancin rubutu na biyu shi zai nuna ko gyaran ya shiga.