Idan Allurar Hoto Ta Kauce Jijiya, Kada Ka Yi Shiru

Akwai hotunan asibiti da ba sa fitowa sai an yi allura ta jijiya. Na'urar CT tana buƙatar ruwa mai sinadarin aidin, wanda inji ke turawa da ƙarfi, sau da yawa kusan mililita 100. A sashen hoton nukiliya kuwa, irin na Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Ibadan, ɗan magani ake sawa, kamar teknishiyam-99m, wanda ke fitar da hasken da kyamara ke kamawa. Rabin ƙarfinsa yana gushewa duk awa 6.

Wani lokaci allurar takan fasa jijiya, ruwan ya malale ƙarƙashin fata. An fi ganin haka ga tsofaffi, ƙananan yara da waɗanda maganin cutar kansa ya raunana wa jijiyoyi. Mutum ya ji zafi ko zogi, gwiwar hannu ta kumbura, amma ya daure saboda kara, wai kada ya dami nas. Wannan dauriya ba ta da amfani.

Hoton nukiliya ba ya ɓoye abin. Wurin allurar sai ya fito a matsayin tabo mai tsananin haske. Maganin da ya malale yakan bi ya taru a kaluluwar hammata, har ta yi kama da cutar kansa ta yaɗu alhali lafiya lau take. Gaɓar da ake son dubawa kuma ba ta samu isasshen magani ba, hoton ya fito dishi-dishi, wataƙila sai an sake, kuɗi da tafiya sun ƙaru. In allurar ta faɗa jijiyar da ke kai jini yatsu, tafin hannu duka ke haskawa kamar an sa safar hannu. Hatta wurin da ruwan CT ko allurar ƙarin jini ta taɓa taruwa kwanakin baya yana iya fitowa a hoton ƙashi.

Yawancin kumburin yakan saɓe da kansa idan an ɗaga hannu sama. Amma in yana ƙaruwa, fata ta yi bororo ko ta canza launi, ko yatsu suka mutu, a koma asibiti nan take, kada a tsaya shafa man zafi.

Jama'a, da zarar kun ji zafi ana tura ruwan, ku ce a dakata. Ku kuma sanar da likita duk allurar da aka yi muku kwanan nan, da hannun da aka yi ta.