Lita nawa, kilomita nawa: Lissafin mai ga mahayin babban babur a doguwar tafiya

A ƙarshen watan Mayun 2022 ne Kunle Adeyanju ya iso Legas a kan babur, bayan ya shafe kimanin kwana 40 a hanya daga Landan. Ya ratsa Faransa da Sifaniya, ya tsallaka zuwa Maroko, ya bi ta Muritaniya da Sanagal da Mali, ya cinye sama da kilomita 12,000, domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna a ƙarƙashin ƙungiyar Rotary. Jaridu sun yi ta yabon jarumtarsa. Amma masu sha'awar babura sun fi lura da abin da ya hau: Honda CB500X, matsakaicin babur mai injin cc 471 da tanki mai cin lita 17 da 'yan kai. Ba shi ne mafi girma ko mafi tsada a cikin baburan doguwar tafiya ba, amma ya kai shi gida.

Wannan darasi ya shafi duk ma'aikacin Abuja da ya fara leƙen irin waɗannan babura, ko don sha'awa ko don tsadar mai ta sa motarsa ta koma kwana a gareji. Tambayar da mai saye ke fara yi ita ce girman tanki. Tambayar da hanya za ta yi masa daban ce: kilomita nawa babur ɗin zai kai shi, da kayansa da irin tuƙinsa, kafin ya iske gidan man da zai iya amince wa?

Hamada ce ta haifi manyan tankuna

Asalin waɗannan babura ba shi da nisa da mu. Gasar tseren Paris zuwa Dakar ta farko ta tashi a ƙarshen Disambar 1978, ta ratsa Aljeriya da Nijar da Mali, kuma Cyril Neveu ne ya lashe ta a kan Yamaha XT500. A 1980 kamfanin BMW ya fito da R80 G/S, wanda Hubert Auriol ya ci gasar da shi a 1981. A 1983 kuma Yamaha ya fito da XT600Z mai tankin lita 30, ya laƙaba masa sunan Ténéré, wato hamadar nan da ke gabashin Agadez a Jamhuriyar Nijar. A irin wannan wuri, inda mutum zai wuni bai ga rijiya ba balle gidan mai, girman tanki batun rai ne.

Baburan yau sun gaji wannan siffa, amma tankunansu sun bambanta ƙwarai. Yamaha Ténéré 700 na cin lita 16, samfurinsa na World Raid kuma lita 23. Honda Africa Twin mai injin 1100 na cin lita 18.8, na Adventure Sports kuwa lita 24.8. Suzuki V-Strom 650 da KTM 890 Adventure kowanne lita 20 ne, Kawasaki KLR650 lita 23. BMW R 1250 GS lita 20 yake ɗauka, yayin da babban yayansa, GS Adventure, ke ɗaukar lita 30 cur.

Wanda ya duba waɗannan alƙaluma zai ɗauka mai lita 30 ya ninka mai lita 17 a nisan zango. Ba haka ba ne. A lissafin kamfanonin da kansu, babban BMW ɗin na tafiyar kimanin kilomita 21 da lita ɗaya, wato kusan kilomita 630 a tanki guda. Honda CB500X na tafiyar kilomita 27 zuwa 28 da lita ɗaya, wato kusan kilomita 480. Tankin ya kusa ninkawa, amma ƙarin nisan bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ga kuma nauyi: lita ɗaya ta fetur ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na kilo, don haka lita 30 kilo 22 ne a saman firam, dab da ƙirjin mahayi. GS Adventure cike da mai ya kai kilo 268, Honda ɗin kuwa bai cika 200 ba. Wanda babur ya taɓa kayarwa a rairayi shi kaɗai ya san ma'anar wannan bambanci. Shi ya sa KTM ya sauko da tankin 890 zuwa gefen inji, domin nauyin ya zauna ƙasa.

Alƙaluman takarda da na kwalta

Alƙaluman da kamfanoni ke bugawa suna fitowa ne daga gwajin da ake kira WMTC, wanda ake yi a ɗaki, babur na gudu a kan na'ura bisa tsararren jadawali. Gwajin na da amfani wajen kwatanta babur da babur, amma bai san ramukan hanya ba, bai san iskar hunturu ba, bai kuma san mutum zai ɗauro akwati uku da buhun tsaraba ba.

Babban mai shan mai shi ne gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: idan gudu ya ninka biyu, turjiyar ta ninka huɗu. Wanda ya tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 130 ya ƙara wa babur ɗinsa turjiyar iska da kusan kashi 70 cikin ɗari. Babur kuwa ba shi da santsin jikin mota. Mahayi zaune yake a miƙe, ga dogon gilashin gaba, ga akwatunan ƙarfe a gefe biyu suna tare iska kamar ƙyauren ɗaki. A tsakanin Abuja da Kaduna, tazarar da ba ta cika kilomita 200 ba, wancan ƙarin gudun abin da zai rage wa tafiyar bai wuce rabin awa ba, ko da hanya a buɗe take. Sannu sannu kwana nesa, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zo daidai da lissafi.

Bayan gudu sai ƙasar da ake takawa. A kan burji mai tsauri, inda ake tafiya a hankali, babur na iya shan mai ƙasa da yadda yake sha a kan babban titi. Amma a rairayi ko taɓon damina, inda taya ke juyawa a banza kuma inji ke ihu a ƙaramar giya, tanki na zubewa kamar an huda shi. Hawan dutse ma haka ne. Wanda ya nufi Gembu a tsaunin Mambila, ko ya bi hawan da ke kaiwa Jos, kada ya yi lissafi da alƙaluman shimfiɗaɗɗen titi.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ke taruwa su zama babba. Taya mai ƙarancin iska na jan babur baya, haka ma tayoyi masu manyan haƙora idan aka hau kwalta da su. Sarƙar da ta bushe ko ta yi sako-sako na cinye ƙarfin da ya kamata ya isa ƙasa. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe na rage wa inji numfashi, mahayi ya ƙara murɗa totur ba tare da ya ankara ba. Cunkoson hanyar Nyanya da Mararaba kuwa, inda ake ƙona mai a tsaye, shi kaɗai ya isa ya lalata kowane lissafi.

Yadda mutum zai san zangon babur ɗinsa

Hanyar mai sauƙi ce, kuma ba ta buƙatar na'ura. A cika tanki har wuya, babur yana tsaye sosai ba a jingine ba, sannan a mayar da agogon kilomita zuwa sifili. A yi tafiya irin wadda aka saba. Da aka sake cikawa zuwa daidai wurin farko, sai a raba kilomitan da aka yi da litocin da aka zuba. A maimaita sau uku ko huɗu, ɗaya daga ciki da cikakken kaya da fasinja, sannan a riƙe mafi munin sakamakon, domin shi ne gaskiyar ranar wahala. Yana da kyau a riƙa yin wannan gwaji a gidan mai ɗaya da aka yarda da famfonsa, tunda famfon da aka taɓa zai sa mutum ya zargi babur ɗinsa a banza.

Mataki na biyu shi ne cire rizaf. A yawancin waɗannan babura fitilar gargaɗi na kunnuwa ne idan saura lita uku zuwa huɗu. Wannan man ba na tafiya ba ne, na neman ceto ne. Ban da haka, a baburan zamani famfon mai yana cikin tanki, kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Yawan barin tanki ya ƙafe na gajarta masa kwana. Alƙalumin da allon babur ke nunawa na saura kilomita kaza shi ma hasashe ne bisa tuƙin da aka yi a baya-bayan nan, yana iya faɗuwa nan take da zarar an shiga iska ko hawa.

A ɗauka babur mai lita 17.5 ya nuna kilomita 24 a lita ɗaya da kaya. Idan aka cire lita uku da rabi, saura 14, wato kilomita 336. Wannan ne zangonsa na gaskiya, ba 480 na takarda ba. Daga Abuja zuwa Kano sama da kilomita 400 ne, don haka tilas a tsaya a Kaduna ko Zariya, kuma gara a tsaya da rabin tanki da a jira fitila.

Gidan mai ba mai ba ne

A Turai matafiyi na lissafin tazarar gidajen mai ne. A yankinmu lissafin ya fi haka zurfi, domin ganin gidan mai ba shi ne samun mai ba. Tsakanin Nuwadibu da Nuwakshot a Muritaniya akwai kusan kilomita 470 na hamada, kuma yawancin motocin ƙasar dizal suke sha, don haka fetur ba kullum ake samunsa a tsakiyar hanya ba. A gida Najeriya kuwa, mazauna Abuja ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, layuka suka ɗauki makonni. A Nuwambar 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyakokin ƙasa, abin da ya bar garuruwan bakin iyaka a hannun 'yan bumburutu.

Man bumburutu ya ceci matafiya da yawa, amma tsohon babur mai kafireto ya fi jure masa. Babur mai fesa mai da na'ura ba ya yafe ruwa, ƙura ko haɗin kananzir. Wanda dole ta sa ya saya, ya duba launin man a kwalba mai haske, ya tace shi da tsaftataccen ƙyalle ko matatar da ake sa wa a bakin tanki, ya kuma sayi iya abin da zai kai shi gidan mai na gaba.

Maganin da matafiyan ƙasashen waje ke bayarwa shi ne ɗaura jarka. A nan ma sai an yi hattara. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna, da wasu maƙwabtansu, sun hana sayar da fetur a jarka, sun kuma taƙaita zirga-zirgar babura a wasu yankuna, saboda da babur da jarkar mai ne 'yan bindiga ke gudanar da ta'asarsu. Mutum a kan babban babur da jarkoki biyu a baya zai sha tambayoyi a shingen bincike, ko da katin aikin ma'aikatar tarayya na aljihunsa. Kafin a tashi, a bincika dokar da ke aiki a kowace jihar da za a ratsa. A irin wannan hanya ce babban tanki ke biyan kuɗinsa: man yana ciki, ba ya jawo ido, kuma yana rage tsayawa a wuraren da ba a son tsayawa. Ƙarewar mai da magariba a dajin da babu sabis ɗin waya ba abin dariya ba ne a wannan zamani.

Lissafin aljihu

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma haura naira dubu a Abuja kafin ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun daga 2024. Don sauƙin lissafi a ɗauki lita a naira dubu, a ɗauki zuwa Kano da dawowa a kilomita 900. Babur mai yin kilomita 25 a lita zai sha lita 36, wato naira 36,000. Mai yin 18 zai sha lita 50. Motar da ke yin kilomita 10 a lita za ta sha 90, fiye da albashin wata na ƙaramin ma'aikaci.

Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Babur ɗin ɗan acaɓa ya fi kowanne daga cikinsu tsimi nesa ba kusa ba, kuma abin da babban babur ya rage a gidan mai yana iya karɓe shi a wajen taya, sarƙa, kayan gyara da ake shigowa da su da dala, da hular kwano da rigar kariya waɗanda ba a sassauci a kansu. Idan mutum huɗu suka shiga mota ɗaya, motar ce ta fi araha.

Ga wanda ya riga ya yanke shawara, zaɓin ya rataya ne a kan hanyar da zai fi bi. Mai zirga-zirga tsakanin Abuja, Kaduna, Lokoja da Jos ba ya buƙatar lita 30. Babur matsakaici mai tsayayyen zango na kilomita 300 ya wadatar, ya kuma fi sauƙin ɗagawa idan ya faɗi. Mai niyyar tsallaka iyaka ko shiga yankunan da mai ke wuya, shi ne zai ci moriyar babban tanki. Dukansu biyu dai doka ɗaya ce ke kansu: a rubuta zangon da aka auna da kai a manna kusa da agogo, a cika tanki tun dare, kuma a sha mai a garin da ake da tabbas, ko da allura na nuna rabi.