Sifirin Gaba da na Baya a Motar Ƙungiya

Kaka ta yi. A-kori-kurar ƙungiya za ta soma jigilar masara da shinkafa daga Doguwa da Tudun Wada zuwa kasuwar Kafin Maiyaki, wani lokaci har Dawanau. Yanzu ne direba kan zo wurin taro ya ce a ƙara wa mota sifirin. 'Yan'uwa, kada ma'aji ya yi saurin fid da kuɗi.

Mu ɗauki Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda aka buɗe masana'antar a 1975. Sifirinta na gaba naɗaɗɗe ne, aikinsa ɗaukar inji. Nauyin inji kuwa ba ya sākewa, saboda haka in na gaba ya gaji, a sa mai ƙarfi daidai da na asali.

Na baya shi ne abin dubawa. Fallayen ƙarfe ne aka jera, yau suna ɗauke da buhu goma, gobe ba kome. In sun yi laushi, baya ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwaf, fitila ta koma haska sama. In kuma an cika ƙara fallaye, ranar da mota ta taho wayam sai ta yi ta tsalle a kan gargada, tayoyin baya su kasa riƙe ƙasa, a kwana ta watsa baya. Ni na fi tsoron wannan, musamman a hanyar dajin Falgore.

Ku gwada da kanku. A tsai da mota a wuri mai daidai, a auna daga ƙasa zuwa gefen bodi bisa tayar baya. A ɗora buhu 5, wajen kilo 500 ke nan, a sake aunawa. In ta sauka inci 2, buhu 10 za su saukar da ita kusan inci 4. Sai a leƙa ƙarƙashi: in har ta zauna a kan robar tsaro, sifirin ya kasa. A ƙara falle ɗaya hagu, ɗaya dama, a sake awo. Kada a taɓa gyara gefe guda kaɗai.

Amma fa ƙarin falle ba ya ƙara wa birki ko taya ƙarfi. Iyakar kayan da kamfani ya rubuta tana nan yadda take. Buhunan da suka fi nauyi kuma a jera su kusa da kan mota, ba can bakin ƙofar baya ba.