Ki rage wa dare caji

Uwargida, idan a Kusa kike, kin san yadda waya ke shan caji a bakin iyaka. Sabis ba ƙarfi, ga layi biyu, na Najeriya da na Nijar, waya na ta laluben sabis. Ga WhatsApp a buɗe, yara na kallon TikTok. Kafin isha ta mutu.

Na taɓa karɓar yaro mai jijjiga da asuba, tun tsakar dare yake fama, babu cajin kiran mai mota.

Ki kashe data da layin da ba kya buƙata, ki rage hasken waya. In caji ya sauko kashi 30, a daina kallo. Sauran na kiran motar zuwa asibitin Jibiya ne.