Taswirar Abuja: Gyara a Bainar Jama'a ko ta Bayan Gida?

Yau za mu leƙa Abuja, mu duba babbar taswirar da aka gina birnin a kanta, wadda hukuma ke kafa hujja da ita duk ranar da katafila ta fito rusau.

(Kiɗa)

A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar samar da sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. A 1979 kamfanin International Planning Associates na Amurka ya miƙa babbar taswirar, daga baya kuma Kenzo Tange na Japan ya tsara tsakiyar birnin. Masu zanen sun yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, kuma idan birnin ya gama cika ya ɗan haura miliyan uku. Suka ware wuraren zama da kasuwanni da lambunan shan iska da hanyoyin ruwa, suka ce a riƙa ginawa daki-daki, a fara da Garki, Wuse, Maitama da Asokoro.

To amma tun kafin tawada ta bushe al'amura suka fara sauyawa. Da farko an yi niyyar kwashe 'yan asalin yankin, akasarinsu Gbagyi, a sake musu matsuguni. Da gwamnati ta ga kuɗin diyyar ya fi ƙarfinta sai ta sassauta, ƙauyuka da dama suka zauna inda suke. A ranar 12 ga Disambar 1991 gwamnatin Janar Babangida ta taso daga Legas, ma'aikata suka riga gidaje isowa. Nyanya, da aka yi domin leburorin gini su zauna na ɗan lokaci, ta zama gari sosai. Mararaba ta jihar Nasarawa da Suleja ta jihar Neja suka kwashi waɗanda hayar cikin gari ta gagara. Shi ya sa har gobe ma'aikacin da ke Mararaba yana sallame sallar asuba zai ruga bakin titi, don ya san in rana ta fito zai kwashe awanni kafin ya ga Asokoro.

(Kiɗa)

Masu sauraro, taswirar birni ba ta rasa gyara. Abin tambaya shi ne, wa ya gyara, kuma a gaban wa? Idan ba a zauna an yi bita a bainar jama'a ba, sai gyaran ya riƙa shigowa ta bayan gida. Yau a yanka filin shan iska a ba wani, gobe a ɗora bene a kan bututun ƙazanta, jibi a toshe hanyar ruwa da rukunin gidaje. Mazauna wasu sassan Lugbe da Lokogoma sun san sakamakon haka duk damina.

A 1999 an yi babban taron masana kan bitar taswirar, amma birnin ya ci gaba da tafiya a kan tsohon zane. Daga 2003 zuwa 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan Abuja, aka kafa hukumar AGIS don adana bayanan filaye a kwamfuta, aka kuma yi gagarumin rusau da sunan dawo da taswirar. Mutum ya tashi da safe ya tarar da jan fenti a bangonsa, ga takardar ciniki a hannu da sa hannun mai unguwa, amma a zanen hukuma nan titi ne. Bai taɓa ganin zanen ba, balle a nemi jin ta bakinsa.

Yaya bita ta gaskiya take? A ƙidaya jama'a, a kwatanta hotunan tauraron ɗan Adam da abin da ke takarda. A fitar da daftari a kafe shi inda kowa zai gani, a ba da wa'adin ƙorafi, a saurari mai unguwa da ɗan kasuwa da direba. Sannan a amince, a wallafa, kowane gyara da dalilinsa a rubuce. Kuma a sa lokacin sake zama, kamar duk bayan shekara biyar ko goma. Kaduna ta taɓa yin bita: taswirar da Max Lock ya yi mata a 1967 an sabunta ta a 2010, da hangen zuwa 2050.

Kiranmu ga hukumomin Abuja shi ne su sa wa bita lokaci a doka, su fito da taswirar a Hausa da Gbagyi da sauran harsunan mazauna, su kuma zauna da jihohin Nasarawa da Neja, tunda birnin ya riga ya tsallake iyaka. Kai kuma mai sauraro, kafin ka biya kuɗin fili, je ofishin filaye ka tambayi abin da aka ware wurin dominsa. In an kira taron jin ra'ayi, ka halarta ka faɗi naka.